Karen mai jinya, wa zai riƙe shi?

Jama'a, in maigida ya kwanta ciwon da likitoci suka ce sai addu'a, hankalin kowa na kan maigidan, karen gadinsa kuwa ya wuni ɗaure ba ruwa. Shi ma rai ne.

Tun mai jinya na iya magana, a tambaye shi wa zai riƙe karen. A nan Katsina mafarauta da masu gidan gona sukan karɓa. Mai karɓar ya riƙa zuwa kullum yana ba shi abinci da hannunsa, don kare ba ya sabawa da baƙo dare ɗaya, wani har cin abinci yake dainawa. A duba allurar rigakafin haukan kare, duk shekara likitan dabbobi ke yi. Don Allah kada a sake shi kan titi.