Yadda ake zaɓar wa yaro manhajar kimiyya ta Kirista in a gida kike koya masa

'Yan'uwa mata da ke Amurka masu koyar da yara a gida, in yaronki ya kai aji 6 zuwa 8, wato shekara 11 zuwa 14, to fa kimiyya ta wuce zanen ganye da malam buɗe littafi.

Fara da dokar jiharki tukuna. A Texas ba sai kin sanar da hukuma ba, amma a New York sai kin miƙa tsarin karatun shekara da rahoto sau huɗu, don haka littafi mai jarrabawa da maki zai rage miki wahala.

Sai babbar maganar, shekarun duniya. Ki zauna da maigida ku daddale kafin a kashe ko sisi. Cikin kamfanonin Kirista masu buga littattafan makaranta, Apologia da Abeka da BJU Press suna karanta littafin Farawa a kan cewa an halicci duniya cikin kwana shida na zahiri, duniya kuma shekarunta 'yan dubbai ne, su kuwa Novare Kiristoci ne su ma amma sun yarda da lissafin masana cewa ta kai wajen shekara biliyan 4.5. Ni dai ko wanne kika ɗauka don Allah kar ki ɓoye wa yaro ɗaya ɓangaren, zai ci karo da shi a jami'a, gara ya fara ji a bakinki da Littafi Mai Tsarki a buɗe a gabanku yana tambaya kina amsawa.

Daga nan ki sauke samfurin babi a shafinsu na intanet ki miƙa masa ya karanta da ƙarfi. Aya a saman shafi ba ita ce kimiyya ba, ki duba akwai awo, akwai lissafi, ana sa shi ya rubuta abin da ya gani?

Gwaji kuwa kar a yi wasa da shi. Ranar da muka zuba ruwan kanwa a kofin zoɓo ya rikiɗe ya yi duhu-duhu kamar kore, muka matsa lemon tsami ja ya dawo, ɗiyata sai da ta kira babanta a waya, tun ranar ba ta manta bambancin asid (irin lemon tsami) da alkali (irin kanwa) ba. Apologia na da irin waɗannan da kayan kicin.

In kimiyyar na ba ki tsoro, BJU da Abeka suna da darasin bidiyo. Kuɗinsu da ɗan nauyi, sai ki fara tambaya a coci ko wata na da littattafansu na hannu, ki sayi littafin aikin kawai sabo.