Yadda Ake Nazarin Wasannin Max Euwe Domin Ƙara Ƙwarewa a Ces

Duk wanda yake son ya ƙware a wasan ces, alhali yana da aikin da yake ci da shi da iyalin da yake kula da su, zai fi amfana da wasannin Max Euwe fiye da na yawancin zakarun duniya. An haifi wannan mutumin ƙasar Holan a shekarar 1901 a gefen birnin Amsterdam, ya yi digirin digirgir a lissafi a 1926, kuma ya shafe shekaru yana koyar da lissafi a makarantar 'yan mata, wasan kuwa sai a lokacin hutu da bayan an tashi daga aiki. A haka ya lashe gasar ƙasarsa sau 12, ya kuma karɓe kambun duniya daga hannun Alexander Alekhine a 1935. Ƙarfinsa ya taso ne daga tsari da shiri da lissafin abin da zai biyo baya, waɗanda duk abubuwa ne da mai koyo zai iya ɗauka.

Kafin komai, ka tanadi allo na gaske da 'ya'yansa, da littafin rubutu, da takardar da za ka riƙa rufe takun da ba ka kai gare su ba. Wasanninsa suna nan kyauta a rumbunan wasannin ces na intanet, sai dai ina ba ka shawara ka kwafe wanda za ka nazarta da hannunka, ka ajiye waya a gefe, domin wanda yake danna maɓalli yana kallon 'ya'ya suna tafiya da kansu yakan gama wasa cikin minti 5 bai riƙe komai ba. Ka zauna a ɓangaren Euwe, ka buga taku 10 na farko kamar yadda aka rubuta, daga nan ka rufe sauran. Duk lokacin da bugu ya zo kansa, ka rubuta takun da kai za ka yi tare da dalilinka a jimla ɗaya, sannan ka ɗaga takardar ka ga abin da shi ya yi. Inda kuka saɓa, nan ne darasin yake, kuma a nan ya kamata ka daɗe.

Wurin farawa shi ne karawarsa da Alekhine ta 1935, wadda aka yi a garuruwa daban-daban na Holan, wasa 30 cif. Bayan wasa 9 Alekhine yana gaba da maki 6 da 3, mutane da yawa kuma sun ɗauka magana ta ƙare. Euwe bai sauya salonsa don firgita ba, ya ci gaba da buga tsare-tsaren buɗe wasa da ya shirya tun a gida, har ya kammala da maki 15½ da 14½, ya ci wasa 9, aka ci shi 8, aka yi canjaras a 13. Yayin da kake bin waɗannan wasanni, ka lura da yawan fitowar kariyar da ake kira Slav, inda mai baƙaƙen 'ya'ya yake tallafa wa sojansa na gidan d5 da sojan gidan c6 (da harafi da lamba ake kiran kowane gida a allo). Ka ware shafi guda a littafinka domin ita kaɗai, ka rubuta inda kowane wasa ya rabu da wanda ya gabace shi, da wanda ya fara kawo canjin. Da haka za ka ga yadda manyan 'yan wasa biyu suke gardama a kan tsari ɗaya daga mako zuwa mako, kuma kai ma za ka fara tara naka kundin buɗe wasa maimakon haddar taku ba tare da sanin dalili ba.

Wasa na 26 na wannan karawa, wanda aka buga a garin Zandvoort da ke bakin teku, ya cancanci ka ba shi zama biyu ko uku. Euwe ne da fari, kuma a taku na 21 ya shiga wani lissafi da ya bayar da babban ɗa guda ya karɓi ƙananan sojoji uku a madadinsa. Kada ka wuce wannan wuri da sauri. Ka tsaya ka ƙidaya abin da kowane ɓangare ya rage da shi, sannan ka tambayi kanka me ya sa sojoji uku da suke jere a tsakiyar allo, babu sojan abokin gaba da zai tare su, suka fi ɗan da aka bayar daraja. Daga nan ka bi yadda ya riƙa tura su gaba a hankali, dokinsa yana ba su kariya, har Alekhine ya miƙa wuya a taku na 47. Idan ka gama, ka mayar da allon zuwa taku na 25, ka buga ɓangaren fari da wani abokinka, ka ga ko za ka iya kai sojojin inda ya kai su. A ganina wannan gwaji ya fi karanta sharhi shafi goma amfani.

Akwai masu ɗaukar Euwe a matsayin malamin lissafi mai tsantseni da gudun haɗari, kuma wasansa da Efim Geller a gasar Zurik ta ƙasar Suwizalan a 1953 ya isa ya gyara wannan fahimta. Euwe yana da shekara 52 a lokacin, yana riƙe da baƙi, Geller kuwa ya tara 'ya'yansa a kan sarkin Euwe, sarauniyar fari har ta kutsa gidan h7. A taku na 22 Euwe ya ajiye hasumiyarsa a h8, inda sarauniya za ta cinye ta a banza. Ka rufe amsar ka nemo dalilin da kanka. Sirrin shi ne sarauniyar tana tsaron gidan c2 daga nesa, kuma da ta ci hasumiyar sai ta bar wannan layi, ɗaya hasumiyar ta faɗa c2, wasan ya ƙare a taku na 26. Masu sharhi sun gano daga baya cewa Geller yana da kariyar da ta fi wadda ya buga a taku na 24, don haka ka nemi wannan kariya kai ma kafin ka tambayi kwamfuta. Abin da za ka ɗauka a nan shi ne ɗabi'ar tambayar wane aiki kowane ɗa na abokin karawa yake yi, da yadda za a janye shi daga bakin aikin.

Sai kuma wasannin da aka ci shi, waɗanda bai kamata ka tsallake su ba. A 1937 Alekhine ya ƙwace kambunsa da maki 15½ da 9½, a gasar neman zakaran duniya ta 1948 kuma Euwe ya zo na ƙarshe da maki 4 cikin wasa 20. An san shi da wani rauni, wato yakan gina matsayi mai kyau sannan taku ɗaya na gaflatu ya rushe shi. Ka zaɓi wasa 5 daga cikin waɗannan, a kowanne ka nemo takun da al'amari ya juya, ka rubuta ko kuskuren na lissafi ne ko na tsari. Bayan haka ka ɗauko wasanninka na baya-bayan nan ka yi musu irin wannan bincike, domin galibi kuskure iri ɗaya ne yake maimaita kansa a hannun mutum.

A nan ne kawai kwamfuta take shigowa. Shafin Lichess yana da injin nazari kyauta, amma ka buɗe shi bayan ka gama rubuta ra'ayinka, ka duba wurare uku ko huɗu da suka fi ɗaure maka kai, ka rufe. Wasa ɗaya a mako ya wadatar idan an yi shi da natsuwa, wanda ke nufin karawar 1935 za ta ɗauke ka kimanin wata 7. Idan ka kammala ta, ka koma gasar Nottingham ta Ingila a 1936, inda ya buga yana riƙe da kambun duniya ya ƙare da rabin maki kacal a bayan Mikhail Botvinnik da José Raúl Capablanca, sannan gasar Groningen ta 1946 da ya zo na biyu bayan Botvinnik. A waɗannan gasa biyu za ka gan shi yana karawa da masu salo iri-iri, saboda haka ka buɗe sabon shafi ga kowane tsarin buɗe wasa da bai fito a karawarsa da Alekhine ba.