Maimaita kalma sau talatin ba ya ɗaga shafinka a Google

Na gaji da ganin kuskure iri ɗaya a shafukan 'yan kasuwarmu na Garwa da Marwa. Mai takalman fata ya buɗe shafi, sai ka karanta: "takalmin fata Marwa, takalmin fata mai arha Marwa, sayi takalmin fata Marwa". Can ƙasa kuma an jera Kuseri, Gaundare, Mokolo, Injamena, alhali ko rumfa ba shi da ita a can.

Jera garuruwan nan shi ya fi cin mutane, kuma Google ya ambace shi ƙarara cikin dokokinsa na hana maguɗi. Tun fitowar Penguin, wani tsarin Google na kama maguɗi, a 2012 ake sauke shafukan da ke cushe da kalmomi, daga 2019 kuma wani tsarin nasa mai suna BERT na auna ma'anar jimla ɗungurungum. Ba wanda zai sanar da kai, sai dai ka wayi gari shafinka ya koma can baya inda ba mai leƙawa. In da gaske kana aika kaya Kuseri, faɗi yadda ake yi: sefa nawa kuɗin mota, kwana nawa a hanya, a wace tasha ake karɓa. Sunan garin ya fito sau ɗaya ko biyu ya wadatar.

Wanda ya fi muni shi ne ɓoye rubutu: farin harafi a kan farin fili, ko a mayar da girmansa sifili. Haba malam, wa kake yi wa wayo? Googlebot, manhajar Google mai karanta shafuka, da Chrome yake amfani wajen buɗe shafin, yana ganin launi da girman harafi. Wannan kan sa ma'aikacin Google ya hukunta shafin da hannunsa, har a cire shi daga sakamakon bincike. In ya faru, shiga Search Console, wato dandalin Google na masu shafuka, sashen "Actions manuelles" ga masu aiki da Faransanci. Goge ɓoyayyen rubutun kaf, sannan ka nemi a sake dubawa. Amsa kan ɗauki kwanaki ko makonni, kana zaune ba ciniki.

Akwatin meta keywords, inda ake jera kalmomin bincike cikin lambobin shafi, ɓata lokaci ne, tun 2009 Google ya ce ba ya aiki da shi. Bayanin da ake rubuta wa hoto ya faɗi abin da ke cikin hoton kawai. Taken shafi kada ya wuce harafi 60 ko kusa da haka, don ana datse shi a sakamakon bincike.

Masu cewa kalmar da ake so a nemo ka da ita ta kai kashi 2 cikin ɗari na rubutun shafi, Google bai sa wannan ma'auni ba. Ni dai da ƙarfi nake karanta shafi, kamar ina yi wa mai saye bayani a bakin shago. Duk inda harshena ya yi tuntuɓe da maimaici, sai in sa "shi" ko "wannan samfurin", ko in share jimlar.