Yadda za ki kare ƙashinki da bitamin D da kalsiyam yayin rage ƙiba bayan ɗaukewar al'ada

Da zarar al'ada ta ɗauke, sinadarin mata na istirojin yakan ragu, hanji kuma ya rage tsotsar kalsiyam. In kika haɗa da taƙaita abinci don rage ƙiba, tsotsar ta ƙara yin ƙasa, sai jiki ya koma ɗiba daga ƙashi, musamman na ƙugu. Bitamin D ne ke taimaka wa hanji ya ja kalsiyam. In babu shi, kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari kawai ke shiga jini.

Da farko, a yi miki gwajin bitamin D na jini. Nanogiram 20 a kowace mililita ya wadaci yawancin mutane. Mai ƙiba takan fito da adadi ƙasa da haka, domin kitse na riƙe bitamin ɗin.

Na biyu, ki san adadin bitamin D da kike buƙata. Daga shekara 51 zuwa 70 ana son IU 600 a rana (IU ma'aunin bitamin ne da ake rubutawa a jikin kwalbar), bayan 70 kuma IU 800. Kada ki haura 4,000 sai da umarnin likita. Ki sha shi da abinci mai ɗan maiƙo, don a cikin mai yake narkewa. A nan masu rage ƙiba ke tuntuɓe: sun janye mai gaba ɗaya, suna haɗiyar ƙwaya da ruwa zalla.

Na uku shi ne kalsiyam, kuma ya fi buƙatar lura. Miligiram 1,200 ake so a rana, har da na cikin abinci. Kofin madara yana ba da kusan 300, don haka ki fara lissafa abin da kike ci, ƙwaya ta cike giɓin kawai. Hanji ba ya iya jan fiye da miligiram 500 sosai a lokaci guda, sai ki raba safe da yamma. Ƙwayar kalsiyam nau'in kabonet sai da abinci, saboda yana buƙatar ruwan tsamin ciki, kuma yakan sa taurin bayan gida. Nau'in sitiret ana sha ko ciki ba komai, shi ya fi dacewa da mai shan maganin ulsa irin su omefirazol.

Sai tazara da sauran magunguna: awa 4 tsakanin kalsiyam da maganin tairod (wata gaɓa da ke wuya), awa 2 da maganin ƙarin jini. Mai shan olistat, wanda ke hana tsotsar mai, ta ba bitamin D tazarar awa 2.

Kada ki yi gaggawar ramewa. Rabin kilo a mako ya isa, tare da tafiya da ɗaga abu mai ɗan nauyi, da rage gishiri domin yana fitar da kalsiyam ta fitsari.

In kina da tsakuwar ƙoda ko ciwon ƙoda, ki ga likita kafin ki fara. Yawan ƙishi, yawan fitsari da tashin zuciya na iya nufin kalsiyam ya yi yawa a jini. Ki dakata da ƙwayar, ki je a gwada.