Yadda Ake Tsara Iyali da Matsayin Maza da Mata ga Halittun da Ka Ƙirƙira a Labari

Masu rubuta labarin ƙirƙirarriyar duniya sukan ƙarar da ƙarfinsu wajen siffanta halittunsu: ƙaho, fuka-fukai, ido huɗu. Amma da mai karatu ya leƙa cikin gidan halittar, sai ya tarar da maigida da uwargida, ana rigimar sadaki da lefe. Wasu kuma juya abin kawai suke yi, mata su tafi fagen fama, maza su zauna gindin murhu. Duka biyun ɗan Adam ne aka canza wa fata. Idan kana son mai karatu ya yarda cewa waɗannan masu hankali ne amma ba mutane ba, daga haihuwa za ka faro.

Mataki na farko: yanke yadda suke haihuwa

Ƙwai suke yi ko ciki? Wa ke ɗauka? Nawa ake samu a lokaci guda? Ba sai ka wahalar da kanka ba, domin halittun Allah cike suke da abin mamaki. A wajen dokin teku, wani ɗan ƙaramin kifi, namiji ne ke ɗaukar ƙwai a wata jaka da ke cikinsa har su fito. Jiminu mata sukan zuba ƙwai a rami ɗaya, babbar cikinsu ta kwanta a kai da rana, namiji ya karɓe ta da dare. Cilakowa mace takan shiga kogon bishiya a liƙe ƙofar da laka, a bar 'yar tsaga inda namiji zai riƙa miƙo mata abinci. Kada kuwa, zafin ramin da aka binne ƙwai ne ke yanke ko ɗan zai fito namiji ko mace.

Zaɓi abu ɗaya, ko biyu in ya yi yawa. Bari mu ɗauki na kada mu tafi da shi: wata al'umma mazauna fadama, masu yin ƙwai, waɗanda zafin rami ke raba musu jinsi.

Mataki na biyu: lissafa wahalar raino

Nan ne mafi yawan tsarin iyali ke fitowa, don haka kada ka yi gaggawa. Giwa takan yi kusan wata 22 da ciki, ta haifi ɗa guda, ya yi shekaru yana bin ta. Shi ya sa garken giwaye na mata ne, uwa da 'ya'ya da 'yan'uwa ƙarƙashin tsohuwa guda, maza kuma su fice idan sun tasa. Kifin da ke zuba dubban ƙwai ya wuce ba ya buƙatar gida ko kaɗan. Halitta mai hankali dole ta daɗe tana koyo, ko magana ce, ko sana'a, ko sanin abin da ake ci da wanda ke kisa. To, wa ke koyarwa? Wa ke nemo abinci yayin da wani ke tsaron yara? Idan iyaye ba sa kaiwa lokacin da 'ya'yansu za su girma, wa ke maye gurbinsu?

A wajen mutanen fadamarmu, a ce ƙwai na wata shida a rami, kuma sai an riƙa ƙara ruɓaɓɓen ganye ko rage shi don daidaita zafi. Mace ɗaya ba za ta iya wannan aiki ita kaɗai ba. Sai unguwa ta haƙa rami guda, kowa ta zuba nata, tsofaffin da suka daina ƙwai su ɗauki tsaro. Ka ga tun ba ka ambaci sarki ba, mulki ya riga ya samu mazauni: wadda ke riƙe da ganyen rami ita ke yanke yawan maza da matan da za a samu bana.

Mataki na uku: wa ke barin gida, wa ke cin gado

A wajen kura mai dabbare-dabbare, mata ne ke gaba, ɗiya takan gaji matsayin uwarta, namiji kuma ya bar dangi ya je ya fara daga ƙasa a wani wuri. Ko a cikin mutane amsar ba ɗaya ba ce. Asante na Ghana ta wajen uwa suke ƙirga dangi, a al'adarsu ɗan 'yar'uwa kan gaji kawunsa. A wajen Abzinawa, tanti na mace ne. Tambayi kanka mece ce dukiya a duniyarka, gona ce, dabba ce, ko wurin haƙa rami mai kyau, sannan ka bi ta ka ga hannun da take faɗawa idan mai ita ya mutu.

Mataki na huɗu: bar al'ada ta yi nata aikin

Jiki yana kafa iyaka, amma ba shi ke rubuta komai ba. Babu abin da ke cikin jinin Bahaushiya da ya hana ta kiran sunan ɗanta na fari. Kunya ce da al'ada ta gina, kuma tana da ƙarfi. Halittunka ma za su lulluɓe tsarinsu da imani, da tatsuniya, da abin da ake jin kunyarsa. Wataƙila mutanen fadama sun ɗauka cewa wanda ya fito daga tsakiyar rami, inda zafi ya fi, shi ne mai zafin zuciya, don haka shi ake turawa yaƙi ko da matsoraci ne. Wataƙila babban abin kunya ne mace ta nemi sanin wane ƙwai ne nata.

Kuma kada ka ba dukan halittar al'ada guda. Mazauna tudu za su raina tsarin mazauna fadama, masu hali za su haƙa ramin kansu a ɓoye, abin da kaka ta yarda da shi jika zai yi masa gardama.

Mataki na biyar: sunayen dangantaka

Muna bambanta kawu da baffa, goggo da inna, saboda kowannensu da matsayinsa a gida. Su ma sai ka ba su sunaye daidai da zamansu. Mutanen fadama ba su da buƙatar kalmar “uba”, amma suna buƙatar sunan wanda kuka fito rami ɗaya a shekara ɗaya, da na tsohuwar da ta fara ɗaukar ka. Uku ko huɗu sun isa, fiye da haka mai karatu zai gaji.

Mataki na shida: nemo wanda tsarin ya matse

Wannan shi na fi so marubuci ya ba lokaci, domin a nan labari yake. Kowane tsari yana da wanda ya ji daɗinsa da wanda ya cutu. Ga mace da ta yi wa ƙwanta alama a asirce, yanzu tana kallon yaron yana girma ba ta da ikon cewa nata ne. Ga shekarar fari da ta ɓata zafin ramuka, aka wayi gari tsara guda kusan duk jinsi ɗaya. Ga tsohuwar da aka ba toshiya don ta ƙara ganye.

Ɗauki ɗaya daga ciki ka rubuta fage mai shafi biyu, na cin abinci ko na rabon gado, ba tare da sakin layin bayani ko ɗaya ba. Mai karatu ya gane tsarin daga wanda ya fara sa hannu a akushi, da wanda ya sunkuyar da kai, da wanda aka hana magana. Sai ka ba wani abokinka ya karanta, ka tambaye shi wa ke da iko a gidan nan. In amsarsa ta saɓa da abin da ka tsara, koma mataki na biyu, galibi a can ne aka bar giɓi.