Babi na 6: Lambobin da ke jikin bidon ɗin man inji

Darasi na 1: Nemo harafin W

Ƴan uwa, sannunku da ƙoƙari. Kowa ya ɗauko tsohon bidon ɗin man juye da na ce a zo da shi, ya riƙe shi rubutun na kallonsa. Rubutu ya yi yawa a jiki, kada ya ba ku tsoro. Yau ba ruwanmu da sunan kamfani. Muna neman lambobi biyu da harafin W a tsakaninsu, kamar haka: 20W-50. Galibi za ku ga SAE kusa da su, sunan ƙungiyar injiniyoyin mota ne ta Amurka da ta tsara wannan awo.

Ku ɗora yatsa a kan W. Wanda yatsarsa ke kan 5L, ba nan ba ne, wannan yawan man ne, lita 5. Ba komai, a sake dubawa a hankali.

Darasi na 2: Hagu sanyi, dama zafi

Kun san man shanu: da sanyin hunturu ya daskare, ya ji wuta ya zama ruwa. Man inji ma yana kauri da sanyi, yana tsinkewa da zafi. Lambar hagu, mai manne da W, tana faɗin yadda man ke gudu da asuba kafin inji ya ɗumama. In ta yi ƙanƙanta, man na saurin zagayawa. Lambar dama, ta bayan ɗan layin, tana faɗin kaurin man bayan inji ya yi zafi, a digiri 100 ake auna ta. In ta yi girma, man ya fi kauri.

Mu a nan Tawa, a Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40. To wace lamba ce ta fi damunmu? Ta dama. Ku maimaita: hagu sanyi, dama zafi.

Tsohuwar mota, irin Peugeot 504 ko Starlet ɗin taksin Yamai, ƙarafan injinta sun goge, tsakaninsu ya buɗe. Siririn mai irin 5W-30 yana iya zurarewa ya ƙone, mota ta riƙa shuɗin hayaƙi tana shan mai. Shi ya sa masu garaj ke zuba mata 15W-40 ko 20W-50. A 15W-40, lambar dama ita ce 40. A 20W-50 fa? 50 ce, ba 20 ba.

Ga gwaji. Tsakanin 10W-40 da 15W-40, wanne ya fi kauri idan inji ya yi zafi? Ku rufe lambar hagu da babban yatsa, ku dubi abin da ya rage. Duka 40 ne, kaurinsu ajinsu ɗaya. Kun gani? Ba wuya. A sake: a rufe hagu, a karanta dama.

Amma fa gaskiya, Alhazai, makon jiya na yi wannan tambaya, da yawanku suka karanta mini ta hagu. Mutum ya yi shekara 20 yana tuƙi, har yau yana miƙa kuɗi ya ce "ba ni mai kyau", ko kallon bidon ba ya yi. Wani ma ya ga 80W-90 ya ce ai wannan ya fi ƙarfi. Man giya ne, ba ya shiga inji. Yawan kauri ba shi ne kyau ba. In littafin motar yana nan, lambar da ke ciki ita ce gaba da maganar kowa, har da tawa. Man da aka ɗura a kwalba babu rubutu kuwa, me za ku karanta a jikinsa? Hagu sanyi, dama zafi. Kowa ya rubuta shi sau biyar a kayensa.

Darasi na 3: Sandar awon man inji

A tsayar da mota a wuri mai daidai, a kashe inji, a jira kamar minti 10. A zaro sandar, a goge, a mayar har ƙarshe, a sake zarowa. Ana so man ya tsaya tsakanin alamun biyu da ke jikin sandar.

Darasi na 4: Ranar bidanj

A canza filta tare da mai, ƙurarmu da yawa. A rubuta kilomita da lambar man a takarda, a ajiye cikin mota.