Ga masu son kai yara kallon fitilun Kew

'Yan uwa mazauna Landan, duk mai niyyar kai yara lambun Kew kallon fitilun ƙarshen shekara, ya sayi tikiti ta intanet tun yanzu. Ana kunna su daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Janairu, kuma kowane tikiti da lokacin shigarsa. Na Asabar da Lahadi kan ƙare da wuri.

A Disamba rana na faɗuwa wajen ƙarfe huɗu, don haka ku yi Magariba a gida, ku hau jirgin District zuwa tashar Kew Gardens.

Tafiyar ƙafa ce ta sama da awa guda, a fili, cikin sanyin da ya fi na hunturun Jos. Safa biyu-biyu, hular sanyi, takalmin da ba ya shan ruwa. Bara ƙaramata ta cire safar hannu don ɗaukar hoto, ba a jima ba ta fara kukan yatsu, muka ƙarasa da ita a goye.

Abin sha mai zafi mai ƙamshin kanumfari da ake sayarwa, galibi giya ce, a tambaya tukuna. Ni dai shayina nake zubawa a fulas.